Athol Bessell, Mutum-mutumin da Bai Tashi Ba

Ranar Asabar, goma sha biyar ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Athol Bessell a lambun ƙauyenmu na Tunbrook, yana da shekara saba'in da shida. Ya rasu a zaune kan kujerarsa, tsakanin kabewa da wake, jama'a suna kai da komo a gabansa suna dariya. Da hannuna na rubuta wannan magana, amma har yanzu hankalina ya ƙi ɗaukarta.

Athol, da kai zan yi magana, tunda shekara ashirin da ɗoriya fegina yana jikin naka, kuma ban taɓa iya yin shiru a gabanka ba.

Kai ka kawo shawarar mu riƙa buɗe lambun ga baƙi sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, wadda a nan ƙasar take faɗowa a watan Maris, su biya a ƙofa, su sayi dashe da zuma da kek, mu sami abin gyara. Bana tankin ruwa muke nema, don ranin da ya wuce ya ƙone mana rabin shuka. Gasar mutum-mutumi ma taka ce. Kowane mai fegi ya cusa ciyawa a tsofaffin tufafi ya kafa nasa, kowane baƙo a ba shi ƙwayar wake ɗaya a ƙofa, ya jefa a gwangwanin wanda ya fi burge shi. Sai kuma shaƙiyancinka na kowace shekara: ka sa tsohuwar kwat da safar hannu, ka cusa ciyawa a wuya, ka rufe fuska da malafa, ka zauna a tsakanin sauran mutum-mutumin kamar ba ka numfashi. Baƙo ya sunkuyo zai jefa wake, sai ka ce, “Na gode, ranka ya daɗe.” Na ga ƙaton mutum ya watsar da shayinsa ya faɗa cikin latas. Mu 'yan gari mun san zancen, da gangan muke tura baƙi wajenka, mu koma gefe muna jira.

Bana ba ka motsa ba. Mu kuma, da yake mun saba, sai muka ce ka ƙware. Lyle Harwood, mai gasa nama a bakin ƙofa, ya leƙo ya ce, “Yau dai tsohon ya ci jarrabawa, ko ƙuda bai kora ba.” Ni ma na wuce ɗauke da tire na ce maka, “In ka gama zaman sarautar, akwai kujerun da za a kwashe.” Mutane suka dafa kafaɗarka suka ɗauki hoto. Gwangwaninka ya cika har wake yana zuba a ƙasa.

Da aka zo ba da kyauta na je in tashe ka. Na ce, “To, ka cinye, tashi haka nan.” Na ɗaga malafar. Abin da na gani ba zan rubuta shi ba. Na dai san na zauna a ƙasa cikin yaɗon kabewa, a bayana kuma ana ta tafi domin an ɗauka wasan ne bai ƙare ba.

Likita ya ce zuciya ce, kuma farat ɗaya ta tsaya, ko da muna riƙe da hannunka ba abin da za mu iya. Lokacin da abin ya faru ne ya kasa yankewa. Ya ce wani wuri ne tsakanin hantsi da tsakar rana. Tun daga nan kowa a Tunbrook yake kwana da tambaya ɗaya: da na tsokane shi, mai rai na tsokana ko gawa? Kuma ba wanda ya iya haɗa ido da matarka Noeleen, wadda ta yini a zauren taro tana zuba wa baƙi shayi.

Abin ya fi ciwo saboda kai ba ka wuce mutum ba ka duba shi ba. Shekarar da na karye a ƙugu na yi wata uku ban taka lambu ba. Na dawo ina tsammanin daji, sai na tarar an yi noma, an ɗaure tumatir, an tone dankali an jera mini a akwati. Na tambaye ka, ka ce, “Shugaba, ni ina na sani? Ƙila walabi, ƙananan kangarun nan masu cinye mana shuka, su ne suka tuba.” Shugaba kake ce mini tun da aka ɗora mini shugabancin kwamitin lambu, ba don girmamawa ba, don ka san yana ba ni haushi. Da iyalin Tamang suka zo aikin tsinkar tuffa ba su da inda za su shuka ko barkono, ka tsaga feginka biyu ka ce bayanka ne ya gaji. Ƙarya kake, a makon nan na gan ka kana haƙa wa coci rami. Kana da taurin kai, ba ka mayar da cebur ɗin da ka ara, kuma kabewata ta fi taka zaƙi ko ka yarda ko kada ka yarda. Amma mutumin kirki ne kai, kuma na yi rashi.

Ranar Litinin na tattara ƙarfin hali na tafi gidanku, in faɗa wa Noeleen gaskiyar yadda muka yi, ta yafe ko ta kore ni. Na tarar da ita a kicin. Ban gama buɗe baki ba ta ce, “Zauna, Merle. Ni ke da tambaya.”

Ta ce, “Na fito sau ɗaya wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na kai masa shayi da biskit. Na tura masa ƙarƙashin kujera don kada baƙi su gani. Na ce, ‘Ka yi ta shirmenka, tsohon banza, shayin zai huce.’ Bai tanka ba, na juya na tafi. Shekara hamsin da ɗaya da aure, Merle. Ke kika fara zuwa wurinsa. Kofin nan, yaya kika same shi?”

Ni na kwashe kayanka bayan motar asibiti ta tafi, don haka ba sai na yi tunani ba. Na ce, “Babu ko ɗigo a ciki. Biskit ɗin ma ya cinye.”

Sai ta ce, “Ashe ya ji ni. Yana ƙarƙashin malafar nan yana yi mini dariya.” Ta kifa kai a kan tebur, kuka da dariya suka haɗe mata, ni ma na bi ta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Noeleen, da 'ya'yanku Rhonda da Craig, da jikoki, da duk masu fegi a lambun Tunbrook. Allah ya jiƙanka, Athol, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa mai daɗi, ya ba iyalinka haƙurin wannan rashi. Noeleen dai ta sami amsarta. Mu da muka wuce ta gabanka daga baya muna dariya, Allah ya yafe mana, ba mu sani ba.

Merle Dunkley