Ranar da malamarmu ta gano cikina

"Wata nawa ne?" Malamarmu ta ɗakin gwaji ta tambaye ni da Turanci, idonta a kan hijabina.

Na ce mata da yaren Chana, "Meyo," wato babu, yadda 'yan kasuwar takalma ta Zhanxi Lu a nan Guangzhou ke ce wa maigidana in takalmi ya ƙare.

Cikin fari ne. Ko Hajiyata a Kano ban iya buɗe baki na faɗa wa ba, balle 'yar Chana. Ga tsoron a dakatar da karatuna, biza ta tafi.

Ta ce, "Dokar makarantar nan ba ta ce a kore ki ba. Amma sinadaran da kike shaƙa suna iya taɓa jaririn. Daga gobe ki koma aikin kwamfuta."

Na yi godiya, amma raina bai kwanta ba. Wa ya gaya mata? Yau kwamfuta, gobe fa?

Sai dai tun da na fito hannuna ke kan cikina. Duk watannin nan na ɓoye wa mutane shi, amma ban ɓoye wa sinadaran shi ba.

'Yan'uwa ɗalibai na Guangzhou, wadda aka taɓa yi wa haka, ta ƙarasa karatun kuwa?