Ƙyallen da Bai Hau Jirgi Ba

Ina dama koko a tsakar gidanmu na unguwar Changli 'yata ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ko takalmi babu.

"Mma, sun zaɓe ni! Su za su biya jirgi da masauki."

"Su wa?"

"Masu taron masana. Zan je in nuna aikina."

Digiri na biyu take yi a Kumasi. Tana auna yadda ƙwayoyin jinin masu sikila suke ƙagewa har su kasa ratsa ƙananan jijiyoyi. Ita ma da ciwon na haife ta.

A kan ƙyalle mai faɗin zani aka buga bayanin aikin, don ya ninku a jaka. Takan rataya shi a igiyar shanya, ta zaunar da ni, ta yi ta jawabi da Turanci.

"To, Hajiya Farfesa, akwai tambaya?"

"Kin ci abinci?"

"Haba Mma, wannan ba ta cikin bincike."

Tafiyar ta matso, ciwon ya tashi. A asibiti Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai gwaggonninta suka raba tufafinta sadaka, yadda aka saba. Ban iya shiga ɗakin ba. Ƙyallen yana ninke cikin zannuwa, farin bayansa a waje, sai ya bi su.

Ban sani ba sai da malaminta ya kira. Ya ce wata ƙawarta za ta rataya aikin a taron da sunan marigayiya, za su buga sabo. Na ce a'a, wanda hannunta ya taɓa nake so ya je. Na duba akwatinta, babu shi.

Wata Juma'a da rana tsaka ina cikin keke mai ƙafa uku a hanyar Vittin, wata mata ta sha gabanmu a babur. Tsayinsu ɗaya da 'yata. Kafaɗarta ta hagu a karkace, kamar yadda 'yata take zama in ƙashi yana mata ciwo. Ta goya jariri da ƙyallen. Ga hoton jajayen ƙwayoyin jinin nan a bayan yaron, ga sunan 'yata a kife.

Yaron ya juyo ya zuba mini ido, bai ƙifta ba. Farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Na san wannan launin, a idon 'yata na san shi.

Na buɗe baki in tsayar da ita, sunan 'yata ne ya zo mini. Na haɗiye shi. Ta karya kwana ta shige wani lungu, ban ga fuskarta ba.

Na tambayi gwaggonnin ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ce ba ta hannunta ya fita ba.

Malamin ya sake kira, ban ɗauka ba. An yi taron an watse. Har yau ban mayar masa da kiran ba.