Takardun da Inna ta ƙona

A danginmu na Horo Birni, Safinatu ce mace ta farko da ta zama malamar makaranta. Aure ya kai ta Boɗinga, gidan Tasi'u mai fataucin albasa, aiki kuma ya ajiye ta a wata firamare ta ƙasar Shagari. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wannan zirga-zirga: ta dama kunu, ta shirya yara huɗu, ta tsaya bakin titi jiran mota, ta dawo bayan azahar ta tarar da murhu yana jiranta. A cikin wannan matsi ta samu 'yar tsaga ta cusa littafi.

Labarin wata mata ne mai suna Hussaina, wadda mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ta riƙe gonarsa ita kaɗai. Sunan ne kawai na aro. Rayuwar mahaifiyarta ce Safinatu take rubutawa, da maganganunta, da yadda take zagin jaki, da abin da take faɗa wa gero in ruwa ya yi jinkiri. Ta fara ne tsohuwar tana raye, takan je Horo Birni ranar Asabar ta yi ta jan ta da hira, ta dawo ta zuba a takarda tun kafin zafin maganar ya huce. A shekara ta uku tsohuwar ta rasu, muryarta ta rage a takardun nan kaɗai.

Safinatu ba ta taɓa samun awa guda cur ta zauna ba. Tana rubutu a mota, takarda bisa gwiwa, biro yana tsalle duk inda aka faɗa rami. Tana yi lokacin tara, sauran malamai suna cin awara. Tana yi a bakin murhu kafin ruwan tuwo ya tafasa. Ba ta da littafin rubutu na musamman. Bayan tsofaffin takardun jarrabawa take amfani da shi, ta sa lamba a gefe, ta jefa cikin wani buhun shinkafa da ke ƙarƙashin gadonta. Kowace takarda kuma sai ta fara rubuta Bisimilla da harafin Larabci a samanta, don mahaifinta ya hore ta tun tana 'yar allo cewa alƙalami ba ya taɓa farar takarda sai da sunan Allah.

Tasi'u ya san da zancen, yana ma tsokanarta. Ranar da miya ta kama, sai ya ɗanɗana ya ce, “Malama, yau ma Hussainarki ta ci muna miya.”

Ita kuwa ta ce, “Malam, kai da albasarka ta cika muna ɗaki wata uku ba mu ce komi ba.”

Wadda ba ta sani ba ita ce mahaifiyarsa, Nana Hauwa, da kowa ke kira Inna. Tare suke zaune, kuma zama ne na daɗi. Ita ke riƙe ƙananan yaran in Safinatu ta tafi aiki. Inna ba ta yi boko ba, amma ta yi allo. Sau da yawa takan ce, “Mi kike ta rubutawa haka, ɗiyata, ga hayaƙi na shiga idonki?” Safinatu sai kunya ta kama ta. Ta yaya za ta ce wa surukarta ƙagen labari take yi tuwo na jira? Sai ta ce, “Aikin makaranta na, Inna.” Shekara bakwai amsar ke nan.

Damina ta yi nisa, littafin ya kai babi na ashirin da shida, saura biyu ta rufe, sai zazzaɓi ya kwantar da autanta Khalid. Aka wuce da shi asibiti a Sakkwato, aka yi masa ƙarin jini. Kwana goma sha biyu ita da Tasi'u suna can.

A rana ta biyar aka yi ruwa da iska a Boɗinga. Ɗakin Safinatu ya yi yoyo, Inna ta jawo kaya tsakar gida don su sha rana, har da buhun. Ta shiga ɗora sanwa, akuya ta samu bakin buhun ta yage. Da Inna ta fito, takardu sun cika gidan: wasu cikin taɓo, wasu a bakin makwarara, kaji na bi ta kai. Ta duƙa ta ɗauki ɗaya, ta ga sunan Allah. Ta ɗauki wata, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana istigfari, ta leƙa cikin buhun ta ga har ɓera ya yi ɓarna a ƙasansa. A tunaninta tsohon aikin makaranta ne da aka gama da shi, sunan Allah kuwa ba a barinsa inda ƙafa da ƙazanta za su kai. Ta share wuri mai tsabta a bayan rumbu, ta ƙona su duka, ta haƙa rami ta binne tokar.

Ranar da aka sallamo Khalid gida ya cika da 'yan barka. Sai da mutane suka ragu Inna ta jawo Safinatu gefe, fuskarta a sake, ta ce, “Takardun nan naki na makaranta, akuya ta watsa su. Na tsince su sarai, ko ɗaya ban bari ba, na ƙone, na rufe tokar. Kar ki damu, alhakin bai hau kanki ba.”

Safinatu ta dube ta. Yaron da ta yi zaton ba za ta dawo da shi ba yana goye a bayanta, numfashinsa na dumama mata wuya. Ta ce, “Allah shi saka da alheri, Inna.” Ta shiga ɗaki ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta daɗe a duƙe. Sannan ta fito ta ɗora ruwan shayi, don wasu baƙin sun yi sallama.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Wa za ta faɗa wa? Allah ya bar mata ɗa, a ce tana makokin takarda? Ta ci gaba da zuwa aiki, sai dai a mota yanzu hannuwanta na bisa cinya, tana kallon gonakin gero suna wucewa.

Tasi'u ne ya kasa riƙewa. Bayan mako biyu ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da ke cikin buhun, da shekarun da ya ci, da kuma muryar wadda ke ciki. Inna ta ajiye ƙwaryar furar da ke hannunta. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. A na uku, da la'asar, ta zo bakin murhu ta tsaya, ba ta zauna ba.

“Ashe uwarki na ƙone,” in ji ta. “Don mi ba ki hwaɗa min ba, Safinatu? Ni dodo ce?”

Safinatu ta dubi tsohuwar, sai bakinta ya riga ta. “Haba Inna, ai akwai wani a makaranta. Na kwafe shi tun bara, shina cikin kabad.”

“Ki rantse.”

“Inna, sai na rantse miki?”

Tsohuwar ta ce, “To ki ɗauko shi. Ni ban iya karatunku ba, ke za ki karanta min. Ranar Juma'a ni ka tuƙa tuwo, ke ki zauna.”

Dole ta sa Safinatu ta sayi littafin rubutu mai kauri. Duk mako takan rubuta shafi biyar ko shida lokacin tara, ranar Juma'a ta zauna kan tabarma ta karanta, Inna na tuƙi tana saurare. Hussaina ta dawo, gonar ta dawo, amma maganganun mahaifiyarta ba su dawo yadda suke ba. Takan tuna an yi wata magana a kan rijiya da ta sa ta dariya har biro ya faɗi, ta nemi kalmomin ta rasa. Inda ta rasa sai ta cike da nata, ita kaɗai ta san wurin ɗinkin. Inna kuwa ta shiga labarin da ƙarfinta. Takan daki tukunya da muciya ta ce, “Wanga miji ba shi dawowa, ta daina jiran banza.” Wata rana ta ce ba haka ake shuka wake cikin gero ba, sai da aka gyara.

Sun kai babi na tara ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, karatun ya koma bakin gadonta. Wata Juma'a ta miƙa hannu ta shafa shafin, ta ce, “Ɗiyata, ni tsohuwa ce, ba makauniya ba. Takardar da ta shekara cikin kabad ba ta haske haka.” Safinatu ta sunkuyar da kai. Inna ta ce, “Ci gaba. Ina munka tsaya?”

Bayan sallar layya Inna ta rasu. Da ita aka rasa mai riƙon yara da mai tuƙin Juma'a, Safinatu ta koma fita da Khalid a hannu, ta dawo ta tarar da aikin mutum biyu. Shekara biyu ke nan littafin yana tsakiyar babi na goma. In dangi sun tambaye ta yaushe za a gama, takan ce sai yara sun ƙara tasawa, ta tashi ta duba tukunya.