Rigar Ninkaya a Ƙasan Akwati

Asubar fari muka bar gida, wata Litinin cikin watan Fabrairu, sanyin Greensboro yana yankan kunne. Sai da na kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin mota da wani tsohon katin kiran waya kafin in ga hanya. Yara tun jiya mun kai su McLeansville wajen antinsu, sun sallame mu da Turanci ko waiwaye babu, don gidan akwai fili da kaji. Mu biyu ne a motar, ni da mai ɗakina, sai akwati biyu. A ƙasan nata akwai wata riga da wando shuɗi, kuma su ne dalilin tafiyar gaba ɗaya.

Mai ɗakina 'yar Maradi ce, kitso take yi a shago, shekara goma sha ɗaya a tsaye. Da bayanta ya fara ciwo, likita ya ce ta koyi ninkaya. Ta samu wani wurin wanka da ake ware wa mata awa biyu ranar Lahadi da safe, ta dage shekara biyu har ta iya. Ita da kanta ta sayo wani yadi mai saurin bushewa ta ɗinka doguwar riga da wando da hula, ba abin da ke fita sai fuska da tafin hannu da ƙafa. Burinta guda ne, ta shiga teku ta yi iyo ko sau ɗaya. Mun taɓa zuwa gaɓar tekun jiharmu da rani, ta tarar da jama'a maƙil, ta jiƙa ƙafa kawai muka dawo. Da ina da lura, da tun ranar na ɗauki darasi.

Da ta samu hutun kwana biyar, abin da take kira bakans da bakinsu na can, sai na ce ta bar mini komai. Na zaɓi tsibirin Saint Thomas saboda ƙarƙashin Amurka yake, ba ruwanmu da neman biza. Saura masauki. Na je ofishin wata mai shirya tafiye-tafiye na karɓo takardun talla guda uku masu sheƙi, kuma maimakon in kai su gida, sai na kai su majalisarmu ta bayan sallar Juma'a, inda muke shan shayi a bakin masallaci. Haka muka saba, ko mota mutum zai saya ko ragon layya, sai majalisa ta sa baki.

Takarda ta farko wani ɗan masauki ne mai ɗaki takwas a wani lungun gaɓa, aka ce ai wannan gidan haya ne. Ta biyu ba a ko buɗe ta sosai ba. Ta uku kuwa wani katafaren otal ne mai tauraro biyar, da wurin wanka uku da gidajen abinci biyar, ka biya sau ɗaya ka ci ka sha iyakar cikinka. Akwai wani Alhaji a cikinmu da yake tuƙa masu kuɗin unguwar Irving Park zuwa filin jirgi, don haka shi ne malaminmu a harkar hutu. Ya buga takardar da yatsa ya ce, "Wannan shi ne fayif-sta, irinsa su bos ɗina suke sauka. Malam, in za ka sha giya, sha ta dubu." Aka yi dariya, aka yi istigfari, magana ta ƙare.

Ba zan ce ban yi bincike ba. Na tambayi matar ofishin ko akwai kifi kullum, tun da ba za mu ci naman da ba mu san yankansa ba. Na tambayi ko akwai firij a ɗaki. Na nemo alƙiblar tsibirin na rubuta a takarda, na sayi sabuwar buta. Duk abin da namiji zai tuna na tuna. Mai ɗakina kuwa sai bayan na biya ta ga takardun uku, ta duba hoton wanda na zaɓa ta ce, "Allah ya sa albarka."

Daga Greensboro zuwa Charlotte awa ɗaya da rabi ne a babbar hanya, ba kowa sai manyan motoci. Muka yi salla a wani lungu na filin jirgi. Wajen bincike aka cire takalma, ni aka ware ni gefe kamar kullum, na saba har na san inda zan ɗaga hannu kafin a ce. Turarenta na humra mun sa shi a babban akwati saboda sabuwar dokar nan ta hana shiga da ruwa-ruwa. Jirgi ya yi kusan awa huɗu a sama. Da ya fara sauka ta leƙa taga ta ga ruwan nan shuɗi garau har ana hango ƙasansa, ta riƙe mini hannu, abin da ba ta yi a gaban mutane.

Zafi ne ya fara yi mana maraba, muka cire rigunan sanyi muka rasa inda za mu sa su. Motar haya a can a-kori-kura ce da aka jera wa benci aka yi mata rumfa. Tuƙinsu a hannun hagu suke yi, alhali sitiyarin motocin ma a hagu yake, ga hanya duk tudu da kwana, sai da na karanta duk addu'ar da na haddace. Kaji da awaki suna yawo a bakin titi kamar a Jibiya. Tsada kuwa ba a magana, gorar ruwan da nake saya dala ɗaya a gida, a nan uku ce. Abin da ya burge ni shi ne gaisuwarsu. In ka shiga mota ko kanti ba ka gaida mutane ba, ba mai kula ka.

Otal ɗin bai yi ƙarya ba, yadda yake a hoto haka yake. Aka ɗaura mana wani zare na roba a hannu, alamar mun biya, aka miƙo mana abin sha mai ɗan laima a kai. Na sansana na ji giyar nan ce ta dubu da Alhaji ya faɗa, na mayar. Wasu manyan ƙadangaru kamar damo suna kwance a kan ciyawa ba mai korarsu. Ɗakinmu a hawa na huɗu, gadon zai ɗauke mu da yaran duka, kuma barandarsa tana kallon teku kamar yadda aka yi mini alkawari.

Ta fita barandar ta tsaya, ni ma na bi ta. Teku ga shi nan, amma tsakaninmu da shi kujerun kwanciya ne jere-jere sun fi ɗari, kowace da mutum a kai, maza da mata, suturar da ke jikin goma ba ta kai ɗankwali guda ba. Ginin kuma an yi shi a lanƙwashe ne don kowane ɗaki ya ga ruwa, wato duk wanda ya shiga tekun nan yana gaban baranda ɗari biyu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dawo ciki ta ja labule, ta tambaye ni ina ne gabas.

Talata ta wuce, Laraba ta shigo, rigar ba ta fito daga akwati ba. Ni dai na duƙufa kan abinci, tun da an riga an biya. Da safe ƙwai da burodi da gwanda, da rana kifi, da yamma kifi, har mai soyawar ya gane ni yana kirana da sunan kifin. Muka shiga gari muka zaga kantunan zinari da na agogo da aka buɗe don masu sauka daga manyan jiragen ruwa. A wata rumfa a bayan kasuwa muka ci wani abu da suke kira funji, ashe tuwon masara ne aka tuƙa da kuɓewa a ciki, muka kora da ruwan tsamiya. Nan ne kaɗai na ga ta ci abinci da marmari. Na ce mata ta daure ta shiga ruwan, ai a rufe take, ba wanda ya san ta a nan. Ta ce rigar in ta jiƙe manne wa jiki take yi, kuma mace ɗaya mai sutura a cikin waɗannan ita za a fi kallo, har da masu ɗaukar hoto.

Da la'asar ɗin Laraba na ɗan yi fushi, na ce duk Greensboro ba matar da aka kai irin wannan wuri. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni teku na ce maka, ban ce otal ba. Da ka kawo mini takardun nan uku, da minti ɗaya ya ishe ni." Kunya ce ta kama ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, domin kwana biyu ne suka rage, kuma na san shekara guda cur za a yi kafin ta sake samun hutu.

Akwai wata dattijuwa 'yar tsibirin da take gyara mana ɗaki. Ni iyakata da ita barka da safiya. Mai ɗakina kuwa tun ranar farko ta hana ta gyara gado, ta ce ba za ta zauna sa'ar uwarta tana yi mata shimfiɗa ba. Kullum sai ta zaunar da ita, ta tambayi jikokinta da ƙafarta mai ciwo, har ta ɗiba mata humra a 'yar kwalba. A cikin hirar ne dattijuwar ta ji labarin rigar. Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta taɓa shiga ruwan gaban otal ba. Su tsofaffin matan unguwarsu suna da wani ɗan lungu a bayan tudu, can suke wankan teku da sassafe saboda ciwon gaɓoɓi, kowa da tsohuwar doguwar rigarta, kuma maza sun san ba sa saukowa sai rana ta ɗaga. Ta ce gobe Alhamis ba ta aiki, mu same ta a bakin hanya.

Muna idar da sallar asuba muka fito ta ƙofar ma'aikata, muka same ta a bakin hanya. Tafiyar minti ashirin ce a ƙasa, hawa sannan gangara. A kan hanya muka wuce wani ɗan farin gida mai allo a ƙofa, na karanta sunan na gane shi. Masaukin nan ne mai ɗaki takwas da majalisa ta kira gidan haya, lungun ruwan yana ƙasansa, taku kaɗan. Ita ma ta gani ta wuce abinta, kuma da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

A gindin wata tsamiya dattijuwar ta tsayar da ni, ta nuna mini wani kututture ta ce nan ne iyakar maza. Mai ɗakina ta miƙo mini mayafinta da takalmanta, suka gangara ta bayan duwatsu. Na zauna da kyamara a wuya, ba abin da nake gani sai ganye da wani zakara da ke tona ƙasa. Na ji muryoyin tsofaffi suna gaisawa, na ji ƙarar ruwa. Can sai muryoyin suka ɗauke, na tsorata, don ni ban iya ruwa ba, ko da wani abu ya faru ba abin da zan tsinana. Sai na ji tafi da shewa, sannan na ji dariyarta daga nesa, daga cikin ruwa sosai. Shekara goma sha huɗu muna tare, ban san tana da irin wannan dariya ba.

Ta fi awa ɗaya kafin ta hauro, rigar tana ɗiga, ido ja saboda gishiri. Ta ce ta kai har wani jan tulu da ke yawo a kan ruwa ta taɓa shi ta dawo, kuma ta ga kifaye masu ratsin rawaya suna bin ƙafarta. Ranar Juma'a ta koma ta ƙara, ni ma na koma kan kututturena. Da hantsi muka kama hanyar filin jirgi, ta ƙulle rigar a leda da danshinta.

Mun iso Charlotte da yamma muka tarar da sanyinmu yana nan inda muka bar shi. Muka biya McLeansville muka kwashi yara, aka raba tsaraba, riguna masu hoton ƙadangare da alewar tsamiya. Mako na zagayowa na kai hotuna majalisa, don an matsa. Suka yi ta zagayawa hannu-hannu, ga gado, ga baranda, ga teburin abinci, ga ni riƙe da farantin kifi. Alhaji ya ce, "Ba na gaya maka ba? Fayif-sta ke nan. Amma ina hoton Hajiya a ruwa?" Na ce babu.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilmi, ni dai abin da na koyo bai fi cikin cokali ba, kuma a gida ya kamata in koye shi ba sai na hau jirgi ba. Wanda zai shiga ruwa shi ake tambaya inda za a sauka. Na biya kuɗin tauraro biyar, amma abin da muka je nema a kyauta aka ba mu shi, albarkacin gaisuwa da 'yar kwalbar humra, kuma ko ganinsa ban yi ba, ji kawai na yi daga gindin tsamiya. Jiya na biya ofishin matar nan na sake karɓo takarda uku don baɗi. Ban bi ta masallaci da su ba. Suna kan teburin kicin, na ɗora musu kofin shayinta.