Faifan Kaka da Muka Sauya wa Riga

Wata Asabar da hantsi, cikin daminar shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, Kawu Bello ya tura faifai a bakin kwamfutarsa, ta yi ɗan gurnani ta yi shiru. Ina tsaye bakin ƙofa da damin ciyawar awaki a ka, na ga ya zare ya sake turawa har sau uku, gumi na bin gemunsa. Ba a daɗe da yin arba'in ɗin Kaka ba, mahaifiyarsa, kuma duk abin da ta bar mana na baki yana cikin faifan nan.

Kawu malamin firamare ne a Bagudo, mutum mai son abin da babu irinsa a gari. Kwamfutar gwanjo ce, wani direba ya ɗauko masa daga Kwatano ta hanyar Illo, Faransanci take ji, haruffanta ma ba a inda aka saba suke ba. Lokacin da Kaka ke da rai, bayan la'asar, in mun dawo daga korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, sai ya tada ɗan janaretansa, a shimfiɗa wa Kaka tabarma, ta riƙa jero mana asali: wane ya haifi wane, wa ya fara ƙetaro kogi, su wa suka rage a ƙasar Benin, da kirarin kowa cikin yaren Dandawa. Shi kuma yana bugawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsince tsaba. Takan dube shi ta ce, "Bello, abin ga naka shina riƙe magana kuwa?" Ni dai ina jin an fara langa a waje nake sulalewa, tana bina da, "Mijina ya gudu, ba shi son jin surukai nai."

Da kwamfutar ta daina karanta faifai, Kawu ya aro wata na'urar karantawa wurin abokinsa da ke aikin ofis a Birnin Kebbi. Wayarta ta ƙi shiga, bakinta kuma ya fi ƙarfin faifan Kaka, don namu siriri ne mai tsawo da kaurin jiki, nasu kuwa mai faɗi. Sai muka kwashi kayan muka tafi kasuwa wurin Garba mai gyaran rediyo. To ni a lokacin gwanin kaset ne. In jikin kaset ya fashe, sai in kwance shi, in mayar da zaren cikin wani, in naɗe da biro, ya ci gaba da waƙa. Mu yara muna kiran wannan sauya riga. Ba wanda ya tambaye ni, na buɗe baki na ce, "Kawu, a sauya mai riga mana." Garba ya tafa hannu ya ce, "Wallahi Malam, ɗan ga naka na da kai!" Kawu ya daɗe yana juya faifan a tafin hannunsa, sannan ya miƙa.

Har yau ina jin ƙarar da jikin faifan ya yi da Garba ya ɓanɓare shi da wuƙa. Wani ɗan zagayayyen abu ya fito, laushi gare shi kamar ganye. Garba ya riƙe shi da yatsunsa masu maiƙo, ya ga cibiyarsa ba ta zauna a sabuwar rigar ba, wato jikin wani faifai mai faɗi irin na ofis, ya yanke ta da reza, ya manna masa wata ta ƙarfe da gam. Duk muka yaba. Kawu ya kai shi Birnin Kebbi, ya dawo da yamma, ya zauna bisa turmi bai ko cire takalmi ba. Kwamfutar ofis ta ce babu komai a ciki. Bai taɓa yi min faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ya bi tsofaffin Illo da littafi da biro, kowace da nata lissafin, ba biyun da suka yi daidai.

Na girma na sha yawo, Yamai, Legas, har Kwatanon kanta. A can wani tsohon mai gyara ya ji labarin ya kama kai. Ya ce irin waɗannan injuna wata 'yar roba ce ke juya faifan, zafi ke cinye ta, ana sa sabuwa shi ke nan. Faifan kansa lafiyarsa lau, da mun bar shi.

Yanzu wayar da ke aljihuna za ta ɗauke maganar tsofaffin gari kaf, in tura wa wanda na so ko daga ina. Kwanaki ɗiyata ta kunna tata, ta ce in faɗa mata kakanninmu. Na kawo huɗu na tsaya, ita kuma wayar tana ta ɗauka.