Ni na ce wa Gwaggo ka warke, Mahmuda

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mahmuda Wurma, malamin duba nama na mayankar Dutsin-Ma, yana da shekara hamsin da huɗu. Ina gonata ta Rawayau ana roron wake, Mahmuda, matarka Hussaina ta kira ni a waya. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Sai na ji bakina yana tambayarta wane Mahmudan, alhali Mahmuda ɗaya ne muke da shi ni da ita. Kwana goma sha ɗaya kafin nan da ƙafarka ka rako ni bakin titi. Yau kwana tara da muka binne ka, kuma har yanzu ban gama yarda ba.

Ni taubashinka ne. Mahaifiyarka, Gwaggo Batula, yayar mahaifina ce, don haka tun muna bin shanu a dajin Wurma kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ban taɓa gaishe ka ba tare da tsokana ba. Ina kiranka likitan matattun shanu, kana kirana malamin da alli ya ci wa riga. Wannan ne karo na farko da zan yi maka magana ba wasa a ciki.

Shekara ashirin da bakwai ka yi a mayanka da farar riga da ƙaramar wuƙa. Mahauta sun san ka, ba duka ne kuma suke sonka ba. Sa zai zo da ƙiba, fata tana sheƙi, a yanka, a feɗe, kowa yana yabon nama. Kai ba ka kallon kitse. Sai ka laluba gindin huhu da wuya ka zaƙulo kaluluwa, 'yan ƙulle-ƙullen nan da mutum ma yake da su a wuya da hammata, ka tsaga su ɗaya bayan ɗaya. Ka sha gaya mini cewa nama yana ƙarya, su ba sa yi. In cuta ta tsaya wuri ɗaya, ka yanke wurin ka yar, ka buga hatimi a kan sauran. In ta bi kaluluwa ta watsu, ko na wane ne, sai an haƙa rami.

Ni ma ban tsira ba. Ranar sunan ɗana na fari na yanka bijimin da na yi shekara biyu ina kiwo. Ka zo a matsayin baƙo, amma wuƙar tana aljihu. Ka duba, ka ce wannan ba zai shiga tukunya ba. Na zage ka a gaban surukaina, na ce baƙin ciki ne. Ka hau babur ka tafi, kafin azahar sai ga ka da ragunanka biyu. Haka kake. Makiyayan Karofi sun ba ni labarin yadda in ka je allurar shanu ba ka tashi sai ka shafa wuyan duk mai tari a rugar, wanda ka ji ƙulli kuwa sai ka sa shi a gaba har asibiti. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini da ba don kai ba, da tarin fuka ya daɗe da kai shi kabari.

Bara da kaka ka fara sauke loma da ruwa. Na yi ta yi maka dariya, ina cewa rowa ce, kana cika ciki da ruwa don tuwo ya kwana. Daga tuwo ka koma kunu, daga kunu ka koma ruwan koko, shi ma da ƙyar. A babban asibiti a Kano aka zura na'ura aka ce ciwon daji ne a maƙoshi, can ƙasa kusa da inda abinci yake shiga ciki. A watan Fabrairu aka yi aiki, aka yanke wurin, aka jawo tumbi aka haɗa.

Ina tare da kai ranar da likita ya karanta mana sakamako. Bai ɓoye komai ba, laifin kunnena ne. Ya ce sun cire ƙarin gaba ɗaya. Ya ce sun ciro kaluluwa ashirin da uku sun duba, sun sami cutar a takwas, saboda haka sai an bi da magani. Ni kalma ɗaya na kama, wato an cire, na miƙe ina hamdala ina girgiza hannun likita. Kai kuwa ka tambaye shi takwas ɗin na kusa ne kaɗai ko har da na nesa. Ya ce har da na nesa. Ka gyara hularka ka ce, "To, madalla, likita, na gode." Na ɗauka godiyar mai warkewa ce.

Ni na kai labari Wurma. Gwaggo ta haura tamanin, ba ta iya zama a kan babur sai an riƙe ta, kai kuma ƙirjinka da aka tsaga ba ya jure wannan hanya. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Gwaggo, albishirinki, ya warke." Kai ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunanka, ba ta tambayar lafiyarka a gaban mutane. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Sau uku ta yi mini magana irin tata. Da bazara ta ce, "Atiku, an ce an gyara hanyar Dutsin-Ma?" Na ce ba a gyara ba. Da Babbar Salla ta ce tana da ɗan man shanu, ko akwai mai zuwa can, na karɓa na kai da kaina. Da damina ta ce ta daɗe ba ta ga jikokinta ba, sai na ɗauko mata 'ya'yanka Surayya da Umair suka kwana biyu. Ina ta jin daɗi ina ganin na iya hidima. Kai ma sau ɗaya ka ce, "Tsohuwar nan kuwa tana iya hawa mota?" Na ce ka bari ka ɗan yi ƙiba tukuna kada ta gan ka kamar sillen kara hankalinta ya tashi, in an gama kaka zan ɗauko ta. Ka dube ni ka ce, "Allah Ya kai mu."

Ka ci tuwo da Salla, ka koma leƙa mayanka. Wa zai ce mini akwai saura? Hussaina ta ce ciwon baya da tari sun daɗe, kai ka hana ta faɗa. Kwana shida kaɗai ka yi a kwance, a nan ma ka ce kada a taso ni daga gona.

Ranar uku, a zaman makoki, Maniru mahauci, wanda kuka fi kowa faɗa da shi, ya jawo ni gefe. Ya ce tun watan Mayu ya tare ka ya ce, "Malam, an ce ka warke?" Ka ce, "Maniru, in na tsaga kaluluwa takwas na ga cuta, har da na nesa, me nake sa ku yi?" Ya ce, "Rami, Malam." Ka ce, "To, kada ka faɗa wa kowa." Na zauna a ƙasa a bakin masallaci. Na koma na tambayi wani likita, ya ce ai bayan irin wannan aiki yawan kaluluwar da cuta ta kama yana cikin manyan abubuwan da suke dubawa. In babu ko ɗaya, ana sa rai sosai. In sun yi yawa haka, mafi yawa cutar takan dawo, sai dai magani ya ja kwana in Allah Ya so.

Ina fushi da kai, Mahmuda, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya faɗi gaskiya a kan bijimina a gaban surukaina ya bar ni wata tara ina yawo da albishir na ƙarya. Amma fushin da nake yi da kaina ya fi. Ka faɗa, Gwaggo ta faɗa, kowa da irin kunyarsa, ni da na tashi a cikinku na kasa ji. Motar haya ɗaya ce daga Wurma zuwa Dutsin-Ma, tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

Gwaggo ba ta ga gawarka ba, kafin saƙo ya isa Wurma an kai ka. Washegari na je. Na durƙusa a inda na durƙusa a da, na yi mata gaisuwa. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Atiku, kai ka ce mini ya warke." Ta ce, "Da na sani, ko a ƙasa da na tako."

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Mahmuda, Ka sa jinyar da ya yi shiru a kanta ta zama kaffara, Ka yalwata masa kabari, Ka saka masa da Aljanna Firdausi saboda cutar da ya tare wa mutane daga tukwanensu. Ina miƙa ta'aziyya ga Hussaina da Surayya da Umair, da dangi na Wurma da Rawayau, da mahautan Dutsin-Ma da suka rufe mayanka suka ɗauki makararsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Gwaggo, Allah Ya ba ki dangana, Ya haɗa ki da ɗanki a inda babu mai ce miki ki jira kaka. Ban roƙe ki gafara ba ranar nan don na kasa. Jibi zan dawo in roƙa.