Agwagwar Bahago

A layinmu na masu kayan gini, in ka ce mai gilashi ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Sannu-Sannu ko mai tura baro zai nuna maka shagonsa. Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar abin da ke fashewa, har takun ya zame masa jiki, ko shayi za shi sha sai ka rantse ƙwai ne a aljihunsa. Ni ce maƙwabciyarsa mai sayar da fenti. Bangon katako ne tsakaninmu, don haka ba abin da ya wuce kunnena.

Ba a maganar Sannu-Sannu ba tare da Bahago ba. Ba dangin iya ba na baba, aiki ne ya haɗa su tun Bahago bai tsayar da gemu ba. Babban gilashi ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya, kuma ba kowane mutum biyu ba. Sai sun fuskanci juna, hannu mai ƙarfi a ƙasa, ɗayan yana tallafe sama. Sannu-Sannu na dama ne, Bahago na hagu, sai ya zama hannuwansu masu ƙarfi suna gefe guda. Ba sa ƙirga, ba sa cewa ɗaga. Sannu-Sannu zai yi gyaran murya kawai, sai ka ga gilashi ya tashi. Na sha barin mai sayen fenti a tsaye don in kalle su suna tsallake kwata da gilashin da ya fi ƙofar shagona faɗi.

In sun kafa taga, sai su shafa mata alama da farar ƙasa don kada lebura ya zaci fili ne ya kai goshi. Sannu-Sannu layi biyu yake ja. Bahago kuwa, da yake shaƙiyyi ne, agwagwa yake zanawa, bakinta na kallon hagu, sai ya gama sannan ya ɗiga mata ido da ɗan yatsa.

"Kai dai ba za ka girma ba," in ji Sannu-Sannu.

"Yaya, layinka kowa ya iya. Agwagwata kuwa ko a ina ka gan ta ka san na wuce ta nan."

Sai aka yi yarjejeniyar buɗe iyakoki. Rediyo ya ishe mu da ita: ƙasashen yankin sun zama kasuwa ɗaya, kaya su wuce ba haraji, mai sana'a ya je inda ya ga dama ya yi aiki. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, don fentin waje ya sauko. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, ƙofar da aka buɗe ta shiga ita ce ta fita. A ƙetare wuta ba ta ɗaukewa, kuma suna da tashar jirgin ruwa. Mu nan janareto ne ke cinye ribar. Masana'antar da ke narka gilashi a bayan gari ta kwance injinanta ta koma can, ta bar mana maigadi da ciyawa.

Daga nan manyan motoci suka fara shigowa da tagogi haɗaɗɗu, gilashi da ƙarfensa, sai dai a ɗaura. Sun fi araha, kuma wallahi sun fi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. 'Yan kwangila suka daina leƙo mu. Teburin yankan gilashi da ke shimfiɗe da tsohon bargo ya koma wurin ajiye kofunan shayi. Matasan layin kuwa, masu walda da masu tayil, suka dinga zarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka koya musu aiki muka zama masu rakiya tasha.

Wata rana wakilan masana'antar suka zo ɗaukar ma'aikata, suka kafa rumfa a bakin layi. Sannu-Sannu da Bahago suka je tare, kamar yadda suka saba zuwa ko'ina. Aka gwada su, aka yaba. Sai aka duba shekaru. Bahago yana ciki, Sannu-Sannu ya haura.

"To mu biyu ne fa," in ji Bahago. "Tare muke ɗauka."

Wakilin ya yi murmushi, ba na wulaƙanci ba. "Ai can inji ne ke ɗauka, malam. Mutum ɗaya muke so a bakin inji."

Bahago ya ce in haka ne ya fasa. Ya kuma fasa ɗin, har damina ta wuce. Na ga zaman da suka yi. Su zo da safe, su share shago, su zauna. In an kawo madubin mota ko gilashin hoto, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Matar Bahago ta fara biyowa ta shagona, wai gaisuwa, tana ba ni labarin 'yarsu da aka koro daga makaranta saboda kuɗi, da muryar da ta san za ta ratsa katako. Ban ga laifinta ba. Sannu-Sannu ya ji, kuma na san ya ji, don sai ya kama goge teburin da ba shi da datti.

Na same shi shi kaɗai na ce, "Baba Sannu, ku je ƙungiyar 'yan kasuwa mana, ku yi magana. Haka za a zuba ido?"

"Ƙanwata, wa zan kai ƙara? Tagarsu ta fi tawa kyau. Ki nuna mini wanda ya cuce ni in je in riƙe masa riga."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau ban san da wa nake fushi ba.

Shi da kansa ya sallami Bahago. Ina jin su ta bango.

"Ka tafi."

"Yaya, wa zai kama maka?"

"Me ake kamawa? Dubi shagon. Ka tafi tun kana cikin shekarun, kada ka zama ni."

Can na ji Bahago yana jan hanci.

Bayan tafiyarsa Sannu-Sannu ya gwada ɗauka da wasu. Ya yi gyaran murya, na farkon ya tsaya yana kallonsa. Na biyun ya ɗaga da hannun dama, gilashi ya murɗe, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Bai yi faɗa ba, ya share ɓaraguzan, bai ƙara karɓar babban aiki ba. Da shekara ta zagayo ya mayar da makullin shago. Bahago yana kira a waya, yana ɗan aiko da abin da ya samu, amma hirar ba ta tsawo. Mutanen da suka saba magana da gyaran murya ba su iya waya ba.

Na sake ganin Sannu-Sannu a wani sabon bene da na kai fenti. An ɗauke shi aikin yini, yana goge tagogin da aka kawo daga ƙetare, da bokiti da tsumma. Ya kira ni da hannu zuwa wani ɗaki a hawa na biyu. A jikin babbar tagar akwai agwagwa da farar ƙasa, bakinta na kallon hagu.

"Kin gan ta? Duk benen nan ita ce. Aikinsa ne."

Na ce, "Ashe bai girma ba." Na so ya yi dariya.

Ya matsa kusa yana dubawa. "Ba ido. Ko ɗaya ba ta da ido. Ba sa ba shi lokaci."

Daga ƙasa shugaban aiki ya ɗaga murya. "Baba, a yi sauri, mai gida na hanya. Kada ya tarar da zanen yaran nan."

Sannu-Sannu ya lashi ɗan yatsansa, ya dangwalo farar ƙasa daga wutsiyar agwagwar, ya ɗiga mata ido. Ya ja da baya ya kalle ta. Sannan ya matse tsumman ya goge, ya ɗauki bokitinsa ya nufi ɗaki na gaba da wannan takun nasa.